Alƙalin Dutse na Biyu

Can a zamanin da, akwai wani gari da ake wasan tsere tsakanin duwatsu. Mai gudu yana neman taka dutse, mai tsaro kuma yana kan dutsen yana jiran a jefo masa ƙwallon fata. Wanda ya riga, shi ya ci.

Wani tsoho ne alƙalin dutse na biyu. Kullum yakan ce, "Ido a ƙafa, kunne a ƙwallo." In ya ji tab ɗin ƙwallo a hannun mai tsaro kafin ƙafa ta sauka, mai gudu ya fita.

Wata shekara bayan girbi, baƙi suka zo wasa, aka sa bijimi ga garin da ya ci. Mai gudun ƙarshe kuwa jikan tsohon ne. Ya sheƙo a guje, ƙura ta turnuƙe. Tsoho dai ya ji tab, sannan ƙafa ta sauka.

"Kaka, ai na riga shi," in ji jikan yana haki. "Faɗa musu mana."

Maƙwabcin tsohon ya raɗa masa, "Malam, ba wanda ya gani. Bijimin nan namu ne."

Tsoho ya dubi jikansa, ya ce, "Ƙwallo ta riga ƙafa."

Baƙi suka ja bijiminsu, ko sannu ba su ce masa ba. Jikan ya daina zuwa cin tuwo da shi. Da shekara ta zagayo, aka naɗa wani mai nauyin ji alƙali.

Daga zaure tsoho yakan jiyo tab ɗin ƙwallo sarai, amma ba wanda ya ƙara tambayarsa.