Farin Layi a Ƙofa ta Tara

Ranar da Ellis ya fara ganin Tamsin, yana tsaye ne a bayan jirgin ruwa na haya a bakin ƙofar ruwa ta tara, inda ake tare jirgi tsakanin ƙofofi biyu a rage ruwa har ya sauka zuwa mashigin ƙasa. Ita ce ke taimakon sababbin matuƙa a wurin duk Asabar.

"Kwantar da hankalinka, ɗan haya, kowa da haka ya fara," ta ce tana dariya. "Ka ga farin layin can? Akwai dakali a ƙarƙashinsa. In ruwa na sauka, kar ka bari gindin jirgi ya hau kai."

Jirgi ya sauka lafiya, zuciyar Ellis ce ta maƙale. Kowace Asabar sai ga shi, wai koyo yake.

Matsalar ita ce mahaifinta, Mista Ackroyd, wanda a cikin jirgi aka haife shi. A wurinsa ɗan haya ɓarnar ruwa ne kawai. Tamsin kuwa ta rantse ba aure sai da albarkarsa.

Wata Juma'a ta turo saƙo: "Masoyi, Baba ya ce ka zo gobe ka buɗe masa ƙofa ya gani. Kar ka yi masa gardama. Ina sonka ko ka kasa."

Washegari tsoho ya kama tuƙi, Ellis ya murɗa marufan ƙofar ƙasa suka buɗe, ruwa ya fara sauka. Tsoho sai mita yake, murɗin ya yi gaggawa, tsayuwar ba daidai ba. Garin mita jirginsa ya ja baya ya hau dakali, gaban jirgin ya fara sunkuyawa.

Ellis bai tsaya neman izini ba. Ya rufe marufan nan take, ya ruga ƙofar sama ya sako ruwa kaɗan-kaɗan har jirgin ya daidaita.

Kunya ta rufe tsoho. Shekara sittin a kan ruwa, sai yau a gaban ɗan haya.

"Yallaɓai, iska ce ta ja ka," in ji Ellis. Alhali ko ganye ba ya motsi.

Tsoho ya dubi bishiyoyi, ya dubi Ellis. "Tamsin, ɗora shayi. Kofi uku."

A watan Yuni aka yi biki a cocin ƙauye, jirage cike da furanni. Mista Ackroyd ya kama hannun ango.

"Tuƙi kowa ya koya, ɗana. Don ka rufa min asiri na ba ka ita. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."