Man Ƙamshin da Muntari Ya Kawo

"Nononta ya ɓaci," in ji Inna Cima. "Yau zan karɓi jinjirin nan, a ba shi na akuya."

Balki ta ƙara rungume ɗanta. Tun jiya da la'asar yake kama nono ya saki, ya kau da kai yana tsala kuka. Ba ta iya musu da uwar mijinta, sai hawaye.

Muntari na tsaye a bakin ɗaki. Bai daɗe da dawowa Azarori daga cin rani a Abijan ba, da 'yar kwalbar man ƙamshi cikin tsarabarsa. Jiya, da Inna ta fita unguwa, ya tarar Balki ta kasa miƙewa don ciwon baya. Ya zuba man, ya yi mata tausa daga kafaɗa har ƙirji. Abin kunya ne a ji miji ya raɓi mai jego haka.

Balki ta girgiza masa kai a hankali, wai kada ya faɗa.

"Inna..." in ji Muntari.

"Mi ne ne?"

"Ba nononta ba ne. Ni ne."

Ya faɗi komai, idonsa a ƙasa.

Inna ta matsa kusa da mai jegon. Sannan ta sunkuya ta sansana wuyan Balki, ta yi atishawa.

"Wannan ko ni ya hau mini kai, balle ɗanyen goyo. Jinjiri da hanci yake gane uwarsa."

Ta kawo ruwan ɗumi, ta wanke wa Balki ƙirji tas, ta sauya mata zane. Yaron ya yi ta laluba, can ya kama, ya shiga zuƙa. Balki ta sauke ajiyar zuciya, hawayenta na ɗiga a kansa.

Da ya ƙoshi ya yi barci, Inna ta dawo da man gyaɗa a ƙoƙo.

"Wannan ba shi da ƙamshi. Baya da kafaɗa kaɗai, bayan yaro ya sha. Ƙirji nasa ne. A wanke hannu kafin a taɓa shi. Kwalbar can kuwa ta jira yaye."

Ta miƙa wa Muntari ƙoƙon.

"Ni, Inna?"

"To wa? Ni gero na jirana."

Ta fita, ta saki asabari.

"Ka ba mu kunya," in ji Balki, tana rufe fuska.

"Gara kunya da a raba ki da ɗanki. Juyo bayanki, abar ƙaunata."

Ta juya. A tsakar gida Inna ta soma daka, tana buga taɓarya da ƙarfi fiye da kullum.