Kujerar da Ke Gefenta

A wani shagon firam ɗin hotuna da ke unguwar Malaz, a birnin Riyadh, Marwa ta fara ganin Nafiou, ɗan Maraɗi. Kwafin zanen wani Bafaranshe ta kawo a sa masa katako: mace cikin riga ruwan ɗorawa, fuskarta da shafe-shafen kore, baƙar kyanwa a cinyarta.

"Wannan kam ta huta," in ji shi. "Ga gida, ga mage."

"Haka littattafai suka ce, wai natsuwa ce. Maza ne suka rubuta su. Dubi kujerar gefenta, ba kowa. Dubi yadda ta damƙe wuyan kyanwar. Tafiya aka yi, aka bar mata dabba ta ɗebe kewa."

"Lauya ce ke?"

"Idanu dai gare ni."

Firam ɗin ya ƙi kammaluwa. Yau babu gilashi, gobe kafili, ubangidansa, ya aike shi. Saƙonni kuwa ba su yanke ba.

"Habibti, yau ma na duba ta. Murmushi take yi."

"Cije leɓe take yi, Nafina. Ci abinci."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Alhaji Almustafa na ofishin jakadancin Najeriya, bai ɗaga murya ba.

"Ba rashinsa nake gudu ba, Marwa. Iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, ta lebura ce, ba ta ɗaukar mata. Ni kuma aikina a nan ya ƙare bana. Ina za ki zauna? Ga Mujtaba abokin aikina, da gidansa a unguwar Nasiriya."

Da labarin Mujtaba ya kai wa Nafiou, sai ya daina turo saƙo, wai yana ba ta hanya. Mutane na kiran irin wannan dattako. Marwa ta kira shi tsoro, ta je shagon ta faɗa masa a gaban masu sayayya.

"Wallahi ba zan iya riƙe ki a Riyadh ba," ya ce, idonsa a ƙasa. "Sai Maraɗi, wurin Inna. Ina zuwa duk hutu."

"Na sani. Ni na karanta maka zanen, ka manta?"

Daga baya mahaifinta ya haƙura, a wani ƙaramin masallaci a unguwar Gubaira aka ɗaura auren. Gwaggonta ta rungume ta tana kuka: "Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kawo zuri'a ɗayyiba, Ya haɗa ku ƙarƙashin rufi ɗaya." Na ƙarshen ne kaɗai Marwa ta amsa da ƙarfi.

Tana naɗe zanen cikin zannuwan lefe, saƙonsa ya shigo.

"Amaryata, albishir! Inna ta samo miki 'yar mage, don kada ki yi kewa."

Ta daɗe tana kallon kujerar nan. Tana sonsa, kuma ko yau aka sake tambayarta, shi za ta ce.

"Baƙa ce?" ta rubuta.

"Kai! Ya aka yi kika sani?"