Abin da Inna Ta Kwaso daga Kano

"Wa ya sa wa intanet ɗin gidan nan suna Hanifa?"

Mujahid ne ya tambaya, yana zaune a tabarmar zaure bayan la'asar, idonsa a kan wayarsa. Gyaran waya yake yi a Kwangila, kuma wata huɗu ke nan yana zuwa zance wurina a gidan Inna, ƙanwar mahaifiyata, a Tudun Wada. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ni ce," na ce. "Sunan 'yata. Da shi nake sauraren darasin makarantar manya."

"A Zariya kika sayi akwatin intanet ɗin?"

"A'a... daga Kano ya zo. Cikin kayan ɗakina yake."

Ya ajiye wayar a hankali.

Ya san labarina. Kotu ce ta raba aurena da Salmanu bayan ya karya mini hannu, ta ba ni riƙon Hanifa. A bakin kotun ya rantse duk inda na shiga sai ya ɗauke yarinyar. Na jefar da layina, na bar wayata a can na sayi wata, wata tara ko biki ban je ba.

"Ishatu, ki saurare ni da kyau. Kowane akwati irin wannan yana da lambarsa da ba ta canzawa. Duk wayar da ta wuce ta ƙofar nan, ta ɗan acaɓa, ta mai shago, har tawa, tana jin sa, ta kai rahoto cewa ga lamba kaza a wuri kaza. Masu wayoyin ma ba su sani ba. Wanda ya san lambar, in ya iya bincike, zai gano layin da take."

"Amma ban ba kowa lambar sirri ba."

"Ba sai an shiga ba, kunna shi kawai ya isa. Ina kwalinsa? A jikinsa ake buga lambar."

Kwalin yana Kano, a cikinsa Salmanu yake ajiye takardunsa. Aikinsa kuwa haɗa intanet a ofisoshi.

Sai na tuna shekaranjiya yayana ya kira, ya ce Salmanu ya tare shi a masallaci yana murmushi, ya ce a gaida mutanen Zazzau. Mun ɗauka zato ne kawai.

"Ni ce..."

Inna ce tsaye a ƙofar cikin gida, Hanifa na riƙe da zaninta.

"Ranar kwasar kaya ni na ja mata muka je. Na ce ko cokali ba zan bar masa ba. Da hannuna na cire abin nan daga bango. Ashe jagora na ɗauko masa."

"Inna, haƙƙinta kika kwaso," in ji Mujahid. "Ba wanda zai ga laifinki. Sai dai ko an kashe shi yanzu, an riga an rubuta gidan nan. Ku taso mu tafi wurin Hajiyata a Hanwa kafin magariba. Gobe mu kai wa 'yan sanda takardar kotu."

Ya juyo gare ni, muryarsa ta yi ƙasa.

"Aurenmu da aka sa bayan Sallah, a dawo da shi Juma'ar nan. Sanyin idona, ba zan iya zama a shago ina gyara wayoyin mutane ina tunanin wacce ce ta nuna ki ba."

Hawaye ya zubo mini.

"Ba zan bar Inna ita kaɗai ba, Mujahid. Ita ta buɗe mini ƙofa lokacin da kowa ke tsoro. In ya zo ya tarar da ita fa?"

"Wa ya ce za a bar ta? Hajiya ta ishe ni da ƙorafin ba ta da abokiyar hira."

Inna ta dubi tsakar gidan da ta shekara talatin a ciki, ta dubi Hanifa. Ta shiga ɗakina ta fito da akwatin, ta jefa shi a turmi, ta ɗauki taɓarya. Sau uku ta daka.

"To," ta ce tana haki, "a ɗauko mini mayafina."

Ranar Juma'a, ana dawowa daga ɗaurin aure, Maman Ebere mai shagon da ke kallon gidan Inna ta kira ni.

"Amarya, wani ya zo ɗazu da farar mota. Ya duba waya, ya duba ƙofarku, ya sake duba waya. Wai yana neman mace mai ƙaramar yarinya."

"Me kika ce masa?"

"Na ce tsohuwa ce a nan, ta koma ƙauye, mu ma ɓeran gidan ya ishe mu. Ya daki ƙofar har sau biyu, sannan ya tafi."

Hanifa na kan cinyata tana nuna mini lallenta. Na rungume ta har sai da ta ce ina matse ta.

Mujahid ya shigo da babbar rigarsa, ya tsaya.

"Amaryata, lafiya?"

Na miƙa masa wayar.

"Lafiya lau. Ka kashe mini wannan ma... ko na yau kaɗai."