Tuwon Mijin Yaya

Tun da mahaifin Hure, shehun Hausawan Hindawiyya a Makka, ya rasu, unguwa ta rabu biyu. Wasu na son ƙaninta Zali ya gaje shi, wasu na son Hashimu, mijin yayarta. A cikin mata ita kaɗai ta tsaya wa Zali. Aka yi ta yi mata gorin 'yar madarasa mai karatun boko, ko gezau ba ta yi ba.

Bayan isha'i ta ɗauko tuwon sulhun da Hashimu ke aika wa Zali kullum, ta bi lungun 'yan ga-ruwa. Makka na tafasa da zafi, amma lungun sanyi ƙarara, yana warin jiƙaƙƙen dutse. Ga wani dattijo zaune, ba gemu, gashi har kafaɗa, bakin takalmansa ya lanƙwaso sama.

"Sannu, ya ammi. Ɓata ka yi?"

"Na daɗe da ɓata, 'yata." Muryar kamar daga cikin rijiya. "Sarki ne ni a Hattusa. Mijin 'yar'uwata ke riƙe mini ƙoƙon sha, a hannunsa na mutu."

A aji ta karanta sunan nan: birnin Hitiyawa, kufai tun shekaru dubbai, inda dangi suka yi ta kashe juna a kan gadon sarauta.

Ta ɗaga kai. "A'uzu billahi! Mu Musulmi ne, ba ma haka."

Bai musa ba. Ya sunkuyo ya shinshina kwanon, numfashinsa na daskarar da yatsunta.

"Tun yaushe yaron yake ci?"