Dutsen Murhun Celina

Ana gab da magariba, Celina na tuƙa tuwo a tsakar gidansu a Romi, sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗaki. Ta ɗaga kai, ba kowa. Wata ta faɗo, wata ta biyo. Kajin maƙwabta ma suka yi tsit.

A makon nan ne masana daga jami'a suka zo tona wani fili a bayan gari, inda tsofaffi ke cewa an taɓa gwabza yaƙi da mahara. Suka gayyaci 'yan unguwa da ɗalibai su taya su. Dorcas, ƙanwar Godwin mijin Celina, ta je da 'yan ajinsu. Kan kibiya da guntun tukwane duk masanan suka kwashe, amma wani baƙin dutse mai santsi suka ce ba komai ba ne. Dorcas ta ɗauko wa Celina shi, don murhunta ya rasa dutse ɗaya.

Daga ranar, kullum rana ta yi ja sai jifa. Sannan Dorcas ta daina cin abin da aka dafa. Takan zauna ta zuba wa murhun ido, gumi na tsiyaya mata.

Fasto ya zo ya yi addu'a, abin ya lafa, ya dawo. Godwin ya sunkuyar da kai ya tafi Unguwar Mu'azu, ya zo da Malam Abubakar, wani dattijo mai ruƙiyya.

Malam ya fara karatu a hankali. Dorcas ta miƙe zumbur, muryar tsoho ta fito daga bakinta.

"Wa ya hura mini wuta?"

Celina ta raɓe jikin ƙofa.

"Kai wane ne?" in ji Malam.

"Mai gadin waɗanda suka faɗi ba a binne su ba. Kujerata ce kuke dafa tuwo a kai. Yarinyar nan za ta zauna a madadinta."

"Ba za ka same ta ba. Faɗi wani abin."

Muryar tsohon ta ce, "To wadda ta ƙona dutsen ta maida shi da kanta. Daidai gurbinsa. In ta kuskure, na dawo, kuma ba fita."

Dorcas ta zube. Da ta farfaɗo, ruwa ta nema da muryarta.

Washegari da yamma Celina ta naɗa gammo, Godwin ya aza mata dutsen. Suka isa filin tare da Dorcas. Masanan sun gama sun tafi, 'yan sa-kai sun cike ramukan tas, mai gona ya bi da garma. Kunyoyin noma ne kawai har gindin tsauni.

"Dorcas, ina ne?" in ji Godwin. "Ke tuna mana!"

Yarinyar ta dubi gabas, ta dubi yamma, hawaye suka zubo mata.

"Anti, ko'ina iri ɗaya ne."

Rana na faɗuwa, Celina ta tsaya da dutsen a ka, ta kasa saukewa.