Ɓawon Wotangu Tara

Da safiyar Litinin mai gadin gandun dajin Dutsen Fako ya shigo ofishin 'yan sanda na Buea, takalminsa duk taɓo. An saɓule ɓawon itatuwan wotangu guda tara a gefen hanyar masu hawan dutse, ɓawon da ake sayarwa don haɗa magani. An tsinci buhuna uku a bayan gidan Mola Ngomba.

Shekara talatin Mola Ngomba yana yi wa baƙi jagora zuwa ƙololuwar dutsen. A ranar aka karɓe katin izininsa. In laifin ya tabbata, shi da dajin har abada.

Sufeto Enanga ta fara da mai shaidar da ake da shi, Lyonga, wani ƙaton ɗan dako mai ɗaukar wa baƙi kaya.

"Da idona na ga Mola, madam. Ranar Asabar, da adda a hannu."

"Buhunan fa?"

"Ban taɓa ganinsu ba. Ni ina ruwana da ɓawo?"

Washegari ta hau dajin tare da tsohon da Kofur Mbua. Hazo na bin itatuwa, birai na ta tsalle a sama, kofur yana ta haki.

"Kofur, tumbin nan naka ma sai an ɗaukar masa ɗan dako," in ji Mola.

Da suka iso wurin, dariyar ta ɗauke. Itatuwan na tsaye jajur, an zagaye su an ɓare kaf. Tsohon ya dafa ɗaya. Sannan ya ja Sufeto zuwa wata bishiya can gefe.

"Dubi nan, 'yata. Ni na ɓare wannan shekara takwas da suka wuce, da izinin hukuma. Gefe biyu ake cira, a bar gefe biyu, sai ta warke. Wanda ya zagaye ta ya kashe ta."

Da suka sauko ta duba buhunan. Kowanne an ɗaura masa madauri biyu na robar taya, yadda 'yan dako ke yi don su goya kaya a baya. Ta aika a kira Lyonga.

"Taimaka mana mu kai su mota."

"An gama, madam."

Kofur Mbua ya sunkuya zai ɗauki na tsakiya.

"Kai, ofisa, ba ta hagu ba!" in ji Lyonga. "Robar ta kusa tsinkewa, zai faɗo maka a ƙafa."

Sufeto ta juya buhun. Tsagar robar tana ta ciki, inda ido ba ya kaiwa.

"Buhun da ba ka taɓa gani ba?"

Lyonga ya ja da baya. Ya zauna a kan dutse.

"Wani ɗan kasuwa ne ya yi mini tayi. Da na sauko na hangi masu gadi, sai na jefa su bayan gidan Mola. Da aka tsince su kuma… na ce ai shi tsoho ne, ba za a ɗaure shi ba."

"Ni na koya maka hanyar dutsen nan, Lyonga," in ji tsohon a hankali.

Kofur ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba zuwa mota.

Sufeto ta zaro katin izinin daga aljihu ta miƙa. Mola Ngomba ya karɓa da hannu biyu, ya goge shi a rigarsa, ya sake gogewa.

"'Yata, in da an hana ni dajin nan, da ban kai damina ba. Allah ya saka miki."

"Aikina ne, Mola."

"Aikinki bai ce ki hau dutse da ƙafarki don tsoho ba. Ki zo ran Asabar, in kai ki har sama. Ki taho da kofur, za mu jira shi a hanya."